Gyambon Kwanciya: Jinyar Tsoho Ta Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Dubiya a ƙauyukan Ɗambatta ko Tsanyawa tsarinta kusan ɗaya ne. A yi sallama, a shiga ɗaki a durƙusa, a ce "Baba, ya jiki?" ko "Sannu Iya." Masu jinya su amsa da "da sauƙi", ko da kuwa babu sauƙin. A yi addu'a, a tura 'yar ɗari biyar ƙarƙashin matashi, a fito. Fuska da tafin hannu kaɗai mai dubiya ya gani, sauran jiki yana cikin mayafi. Ba wanda zai ce a ɗage zane ya duba bayan tsoho, ba a kuma tsammanin wani ya ce haka. Sai dai sau da yawa a ƙarƙashin zanen nan ne abin da zai ƙarasa shi yake ci a hankali, bayan ciwon da ya kwantar da shi tun farko ya lafa.

Shi ne gyambon kwanciya. Mai lafiya ko barci yake yi jikinsa na motsawa, yana juyi bai sani ba. Wanda ba ya iya juya kansa kuwa, nauyin jikinsa sai ya danne nama da fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, naman wurin ya rasa abinci da iska, ya fara mutuwa. A kan shimfiɗa mai tauri, 'yan awowi sun isa ɓarna ta soma. Wuraren da ya fi kamawa su ne inda ƙashi ya yi tsini: ƙasan gadon baya daidai saman ɗuwawu, gefen ƙugu, diddige, idon sawu, kafaɗa da ƙeya. Fitsari da gumi suna jiƙa fata ta yi laushi, jan mutum a kan tabarma yana ɗaye ta, rama kuma ta riga ta cinye kitsen da zai yi masa kariya. Mafi munin irinsa daga can ciki yake farawa, kusa da ƙashi, kamar yadda gara ke cin azara: kafin a ga alama a waje, cikin ya tafi. Shi ya sa iyali kan rantse cewa shekaranjiya ɗan tabo ne, yau ga rami.

Masu kamuwa da shi ba baƙi ba ne a kowane gari. Akwai dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye. Babban binciken nan na SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen haddasa wannan lalura. Akwai tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, maɗori ya ɗaure ya ce kada a motsa ta. Akwai mai ciwon sukari da ƙafarsa ba ta jin zafi, da wanda rikicewar tsufa ta kai shi ga daina tashi. Ko a asibitocin duniya matsalar ba ƙarama ba ce. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya gano kusan mutum ɗaya cikin takwas na manyan da ke kwance a asibiti yana da irin wannan rauni. Idan haka abin yake inda ake da ma'aikatan jinya dare da rana, sai a ƙiyasta yadda zai kasance a ɗakin ƙasa cikin zafin Afrilu.

Mutanen karkara kan ɗauke shi alamar ajali ya matso, kuma a da likitocin Turai ma haka suka ɗauka. Jean-Martin Charcot, shahararren likitan jijiyoyi na Faransa a ƙarni na 19, ya yi imani cewa gyambon daga lalacewar jijiya yake, ba makawa sai ya fito, in ya fito kuma mutuwa na tafe. Aiki da hannu ne ya rushe wannan fahimta. A 1944, a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, Ludwig Guttmann ya karɓi sojojin da lakarsu ta lalace a yaƙi, waɗanda a lokacin gyambo da ciwon mafitsara ke kashe yawancinsu, ya kafa doka cewa a juya kowa duk bayan awa biyu, dare da rana. Suka rayu. A 1962 wata ma'aikaciyar jinya, Doreen Norton, ta fitar da ma'aunin gane tsohon da ke cikin haɗari tun fata ba ta fashe ba. A 1987 Barbara Braden da Nancy Bergstrom a Amurka suka kawo nasu ma'aunin mai tambayoyi shida: yana jin zafi, jikinsa na jiƙewa, yana tashi, yana motsi a gado, yana cin abinci, ana jan sa a shimfiɗa? Makin daga 6 ne zuwa 23, kuma gwargwadon ƙasa da ya yi gwargwadon haɗari. Tambayoyi ne da ba sa bukatar wutar lantarki ko na'ura. Tun daga Oktoban 2008 ma, inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ta daina biyan asibiti ƙarin kuɗi kan gyambo mai zurfi da mutum ya samu a gadonsu, don a ganinta sakaci ne.

Akwai wani tarko da littattafan koyarwa suka daɗe suna ɗanawa masu baƙar fata. An koyar cewa alamar farko ita ce wuri ya yi ja, kuma jan bai gushe ba ko an danna da yatsa. A fatar Bature haka ne. A jikin tsohon Makoɗa da ya shekara sittin yana noma a rana, ja ba zai fito ba. Wurin sai dai ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya ɗan kumbura. In aka ɗora bayan hannu za a ji ya fi sauran jiki ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi taushi fiye da ɗaya gefen. Duk wanda ya tsaya jiran ja, sai dai ya ga fata ta sale. Don haka a nan duba da hannu ne, kuma a wurin da haske yake, a kwatanta ƙugun dama da na hagu.

To, a ina igiyar take tsinkewa? Wuri na farko shi ne ranar sallama. An kwantar da dattijo a babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, ko an wuce da shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Jini ya sauka, kuɗi kuma sun ƙare, sai a sallame shi, ko iyali su ce za su koma gida a ci gaba da na gargajiya. Ana ba su takardar magani da ranar dawowa. Ba kasafai ake samun wanda zai tsayar da ɗan ko matar a bakin gado ya ce, "Zo ki juya shi in gani," ba. Ba don ma'aikatan ba su san muhimmancin hakan ba, sai don mutum biyu da ke riƙe da ɗaki guda cike da majinyata ba su da wannan sararin. Cibiyar lafiya ta mazaɓar da zai koma kuwa ba ta ma san an kwantar da shi ba, balle ta san ya dawo.

Na biyu kunya, kuma ita ce ba a faye magana a kanta ba. Gyambon nan ya fi son wurin da al'ada da addini suka suturta. Yawanci wadda ke gida wuni zubur ita ce matar ɗa, wadda ko sunan surukinta ba ta faɗa, cin abinci a gabansa ma nauyi yake yi mata. Ta yaya za ta kwaye masa zane? Matarsa, in tana raye, ita ma tsohuwa ce, ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Ɗansa namiji ya fita tun sassafe. In mai ciwon uwa ce, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a wasu ƙauyuka, ɗanta kuma zai leƙo ya ce "Inna, sannu," ya juya. Shi kansa tsohon yakan ɓoye. Wanda ya rayu da mutuncinsa, ana gaishe shi a durƙushe, ya gwammace ya kwana cikin lema da ya kira jika ya ce ya ɓata shimfiɗa. Sai wari ya fallasa, a fara kunna turaren wuta, masu dubiya su fara taƙaita zama. Wannan kunya ba abin zargi ba ce, tarbiyya ce da ta riƙe gidaje. Amma duk tsarin jinyar da bai fara da tambayar "waye a gidan nan zai iya ganin tsiraicinsa ba tare da an ji nauyi ba?" to a takarda zai ƙare.

Na uku damina. Da ruwa ya sauka, shuka da noman farko da maimai ba sa jiran kowa, kowane hannu yana gona. Da an kawar da amfani kuma samari sun yi Kano ko Legas ko Abuja ci-rani. Sai a shimfiɗa wa tsoho leda a kan katifa don kada fitsari ya lalata ta, a ajiye masa kofin kunu, a ja ƙofa.

A manyan asibitoci amsar ita ce a haɗa ƙwararru a kan mutum ɗaya: ma'aikaciyar jinya, likita, mai gashin ƙashi, masanin abinci, mai harhaɗa magunguna, jami'in walwala. Haka ake yi a cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih da ke Asibitin Koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012, ta farko irinta a ƙasar nan. Wanda zai ce a kwafo wannan a kai Kunchi mafarki yake yi. Amma hikimar da ke ciki tana nan daram: gyambon kwanciya sababinsa da yawa, saboda haka wanke ciwo kaɗai ba ya warkar da shi. A wanke a rufe sau ɗari, muddin ana mayar da mutum ya kwanta a kan wurin, yana cikin lema, cikinsa babu abin kirki, ramin ƙara faɗi zai yi. Kuma in an duba da kyau, kusan duk wanda ake bukata akwai makwafinsa a karkara. A warwatse suke, ba mai haɗa su.

Jagorancin na ma'aikacin jinya ne, ko malamin asibiti na matakin farko inda babu shi. Aikinsa ya je gidan, ya yi tambayoyin nan shida, ya duba jiki daga ƙeya zuwa diddige, sannan ya zauna da iyali a raba aiki da suna. Ya nuna yadda mutum biyu za su kama zane ta gefe biyu su ɗaga, maimakon a ja mutum ta hammata. Ya nuna yadda ake kishingiɗar da shi kaɗan a tokare baya da matashi, ba a mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙashin ƙugu ba. Yadda ake sa wani matashin tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sangali don diddige ya yi lilo bai taɓa komai ba. Leda in ta zama dole, a rufe ta da zanen auduga mai kauri, a canza shi da zarar ya jiƙe. A wanke fata da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane ba tare da gurzawa ba, a shafa man kaɗe ko basilin a inda fitsari ke taɓawa. Kada a murza wurin da ya fara duhu, kada a gasa shi da ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Gammo mai rami a tsakiya da wasu ke naɗawa a zaunar da mutum a kai, shi ma ƙa'idojin jinya sun hana, don gefensa ne ke datse jini.

Agogo ma akwai shi a gari: kiran salla. Asuba, azahar, la'asar, magariba da lisha sun ba da lokuta biyar da ba a mantawa. A ƙara da hantsi da walaha, da lokacin da mai gida zai kwanta, da farkawa ɗaya ko biyu cikin dare, an kusa cike ƙa'ida. A nan liman yana da rawa. Wasu iyalai kan bar mara lafiya a gefen dama kullum, fuskarsa na kallon gabas, suna ganin juya shi hagu bai dace ba. Alhali littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garin sun ba wanda ba ya iya zama damar yin salla a gefen dama, ko na hagu, ko a rigingine. Kalma ɗaya daga liman bayan sallar Juma'a, cewa wanke mahaifi da juya shi lada ne ga ɗa namiji, ba aikin mata kawai ba, ta fi fosta ɗari.

Batun abinci ya fi kowanne ban takaici, don a ƙasar wake da gyaɗa ake yin wannan rama. Da mutum ya kwanta, sai a mayar da shi kan koko tsararo da shayi da lemon kwalba, wai abinci mai nauyi zai wahalar da shi, wani lokacin kuma don a rage yawan kwashe bahaya. Har ruwa akan rage masa saboda fitsari. Nama kuwa ba ya tsirowa da ruwan gero. Ƙa'idojin duniya sun ce mai irin wannan rauni yana bukatar sinadarin gina jiki giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato tsohuwa mai kilo 50 tana neman giram 60 zuwa 75, alhali ƙwan kaza ɗaya bai wuce giram 6 ba. Ba sai an sayo gwangwani daga kantin birni ba. Kunun gyaɗa mai kauri, alale, awara, fura da nono, faten wake, miyar zogale da dakakken ƙuli-ƙuli, ƙwan zabi da damina, garin busasshen kifi a miya, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a zaune don kada ya ƙware. Mai ciwon ƙoda ko sukari ne kaɗai sai an ji ta bakin likita tukuna. Manomin da ke kai waken suya kasuwar Dawanau bai kamata mahaifiyarsa ta rasa awara ba.

Mai kemis shi ma yana ciki, ko an so ko an ƙi, domin wurinsa ake fara zuwa. Ɓare kafso a zazzaga garin a cikin ciwo, ko a barbaɗa toka ko dakakken ganye, ko a tuttula sifirit, duk suna ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa ko su ƙara datti. Ruwan gishiri na asibiti, ko ruwan da aka tafasa ya huce, ya wadatar wajen wanki. Zuma tana da gurbinta. A 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa yadda ya yi amfani da ita a kan majinyata 59 masu raunuka da gyambuna iri-iri, kuma 58 suka samu sauƙi. Har yau asibitocin ƙasar nan suna sa ta. Amma zumar bakin titi da aka haɗa da sukari ba ita ake nufi ba, kuma ko ta gaskiya ce ba ta maye gurbin juyi. In nama ya yi baƙi ya mutu, sai ƙwararre ya kankare shi. In ramin ya kai ƙashi, magana ta koma ta likitocin tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, da watanni a gado, da kuɗin da kan sa a jinginar da gona.

Masu gashin ƙashi kuwa Jami'ar Bayero na yaye su duk shekara, amma yawancinsu a birni suke tsayawa ko su bar ƙasar. Ko zagaye ɗaya a wata suka riƙa yi a manyan asibitocin karkara, suna koya wa iyalai yadda ake miƙar da gaɓoɓi da zaunar da mai shanyewar jiki, da tsofaffi da yawa ba su ƙage a gado ba.

Za a ce ina ma'aikatan? Tambaya ce mai nauyi. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Amma wannan yanki yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu kan yadda karkarar da ke kewaye da Kano take cike maƙil, gona na jingine da gona, gida na hango gida. Abin da ya sa filin noma ya yi ƙaranci shi ne kuma ya sa ziyarar gida take da araha: mai babur ɗaya zai leƙa gidaje da dama kafin azahar, saɓanin dajin da sai an yi tafiyar wuni kafin a tarar da ruga ɗaya. An kuma taɓa gwadawa. Matan da suka riƙa bin gida-gida da allurar shan inna, da masu unguwanni da dagatan da suka raka su, sun san kowace ƙofa, kuma da aikinsu aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Ga makarantar koyon aikin ungozoma a Ɗambatta. Tsarin horon malaman asibiti na matakin farko tun asali ya tanadi su yi babban kaso na aikinsu a cikin gari, ƙarancin hannu ne ya ɗaure su a kan kujera.

Dokoki ma ba su yi kaɗan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. A Janairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA da asusun KHETFUND. Sai dai hankalin cibiyoyin mazaɓu kusan gaba ɗaya yana kan awon ciki da rigakafin yara da zazzaɓin cizon sauro, domin su ake tambaya a rahoton wata. Tsohon da ke kwance ba ya cikin kowane fom, abin da ba a ƙirga kuwa ba a ware masa man babur.

Abin da ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar lafiya matakin farko su yi bai fi ƙarfinsu ba. Kada a sallami tsohon da ba ya iya juya kansa sai an koya wa mutum biyu daga gidansu juyi da wanki, an kuma aika da takarda ko saƙon waya zuwa cibiyar mazaɓarsa. Kowace cibiya a mazaɓu 484 na jihar ta buɗe littafin masu kwance a gida, mai unguwa ya taimaka da sunaye, a riƙa leƙa su ko sau ɗaya a mako, a sa adadinsu a rahoton wata. A fara da ƙaramar hukuma ɗaya a arewacin jihar, a ga abin da shekara za ta nuna. Ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba ita ce ranar yaƙi da wannan gyambo a duniya, ta isa a ƙaddamar.

Wanda kuma ke da tsoho kwance a gida, kada ya jira gwamnati. Yau ɗin nan ya nemi wanda ba a jin nauyinsa, a buɗe taga, a duba baya da ƙugu da diddige. In an ga wuri ya yi duhu, a ɗauke nauyi daga kansa nan take. In fata ta riga ta fashe, a kira malamin asibiti. In kuwa akwai wari ko mugunya ko baƙin nama, ko zazzaɓi, ko tsohon ya fara sambatu, a nemi mota a tafi asibiti a ranar.